Sawun da Bai Nutse Ba

Mai Sawu na tsakar gida yana watsa wa kajinsa tsaba wayar ta shigo. Babbar 'yarsa ce, wadda kowa ke kira Malama, kuma tun daga sallamarta ya san ba lafiya.

"Baba, an fasa mana ofis. Na'urorin nan biyu duk an kwashe. Ka taimaka ka zo, mutane sun rufar wa Mai Walda, ina tsoron kada su illata shi."

"Ta ina aka shiga?"

"Ta ƙofar baya."

"To ki je ki tsaya a bakin lungun da kanki. Ko kyanwa kada ta bi ta nan sai na zo."

Ya ɗauki sandarsa ya zura takalmi. Shekara da shekaru ya yi yana aikin gandun daji, yana bin sawun masu harbin namun da aka hana, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Tun da ya ajiye aiki kuwa bai huta ba, yau a ce an kwance wa wani rago, gobe a ce babur. Ba ya karɓar ko sisi. Damar yi wa mutane faɗa kawai yake karɓa, kuma wannan ladan ya ishe shi.

A bakin ƙofa ya tsallake ɗan sawun nan da ke jikin simintin dokin ƙofar, kamar yadda ya saba. Sawun autansa ne, tun yana yaro, lokacin da aka kwance masa ɗaurin karaya ya sheƙo a guje ya taka ɗanyen siminti da ƙafar hagu, yatsun sun karkace waje. Magini ya so ya shafe, uwar yaron ta ce a bar mata abinta. Daga baya Mai Sawu ya sha fama da yaron, yana ja masa layi a ƙasa yana sa shi bi, har tafiyar ta miƙe. Yanzu ya zama saurayi, Injiniya ake ce masa, in ka ga takunsa ba za ka ce ya taɓa karyewa ba.

*

Ginin dogo ne mai shaguna a jere: kemis, shagon Mai Kwafi, ɗakin Akanta, sai ofishin 'ya'yansa, sannan rumfar Mai Walda a can ƙarshe. Sana'ar yaran ta daɗe tana ba Mai Sawu ciwon kai kafin ya gane ta. Ashe haya ce kawai. Kamar yadda mai gini ke ba da hayar shago, haka su ke ba da hayar wuri a cikin na'ura, kowa ya ajiye shafinsa na intanet da bayanan kasuwancinsa. Sharaɗin shi ne na'urar ba ta barci, ba ta son zafi, ba ta son a ɗauke wuta. Malama ta bar koyarwa ta sayar da filinta ta zuba a ciki, ita ke yawon neman masu haya. Injiniya shi ya tsara lissafi, shi ya sayo kaya, shi ke kula da su. Na'ura ɗaya ta aiki ce, ɗaya ta ajiya, wadda ke riƙe da kwafin komai. Da ta ajiyar nan Malama ke cin kasuwa. Duk inda ta shiga sai ta ce, "Ko gobara aka yi, kayanka na da kwafi."

Jama'a sun yi dafifi a gaban rumfar. Mai Walda na zaune a ƙasa, rigarsa a yage, leɓensa a fashe. An ajiye takalman aikinsa a gabansa, manya masu ƙarfe a baki, sun yi dumu-dumu da baƙin taɓo. Matarsa na gefe da goyo, ta yi kuka har muryar ta dushe.

Mai ginin ne ke jan zugar, tumbinsa na gaba yana biye. "Yauwa Baba, ka zo a daidai, sai dai aikin ya riga ya ƙare. Shi ya ƙera ƙofar, shi ya san lagonta. Ga takalmansa da taɓon lungu. Kuma kowa ya san daga inda ya fito."

Kowa kuwa ya sani. Mai Walda ya taɓa zaman gidan yari kan sayen ƙarfen sata, kuma tun fitowarsa ko allura ce ta ɓace a layin, shi ake kallo. Wannan karon in ya koma, ba fitowa kusa.

"Na kira 'yan sanda," in ji mai ginin. "Motarsu ta fita aiki, da ta dawo za su zo su ɗauke shi."

Mai Sawu ya bi fuskokin da kallo. Rabinsu ba su san me aka sace ba, ko a hanya suka ga na'urar za su ɗauka akwatin rediyo ce. Amma kowa ya samu rabonsa na duka, har da mai kemis da ya kamata a ce shi ke ɗaure rauni. Abin ya ba shi ƙyama, ya tofar da yawu gefe.

"Wanda ya ƙara taɓa shi, da ni zai yi," ya ce. "Ku ba ni zuwa isowar motar."

*

Lungun baya kuwa ba a magana. Ramin masan ginin ya daɗe da cika, mai ginin ya ƙi kwashewa, ruwan yana tsatsowa ta gefen murfin ya jiƙe ƙasa ta zama baƙin kwaɓi. Ƙudaje sun yi gari. Malama na tsaye a bakin lungun ta toshe hanci da gyale, Injiniya na bayanta da farar riga da tabarau, yana ta danna waya.

"Baba, da ka bari kawai," in ji shi. "Wurin nan zai sa maka ciwo. Ai an riga an kama mutumin."

"Auta, ni na tambaye ka?"

Ya naɗe ƙafar wandonsa ya bi ta gefen bango ya tsuguna. Ƙazanta dai ƙazanta ce, amma a wurin mai bin sawu babu takardar da ta kai ta kyau. Takalman Mai Walda ne, babu tantama, ga zanen ƙasansu nan. Mutum ɗaya ne, kuma sau biyu ya fito daga ƙofar ofis ya nufi wajen murfin ramin, daga nan ya wuce rumfar walda. Sai dai fitowar biyu ba su yi kama ba. Ɗaya taku ne gajeru, sun nutse ƙwarai, har ruwan ƙazanta ya cika su ba a ganin cikinsu. Ɗayar kuwa taku ne dogaye, sama-sama, a miƙe sak kamar an ja su da zare. Kuma a cikinsu bakin takalmin bai danna ƙasa ba, alamar ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba.

"Uwata," ya kira Malama da sunan da yake kiranta, "na'urorin nan, wacce ta fi nauyi?"

"Ai iri ɗaya ne, Baba. Tagwaye ma muke ce musu."

Ya sa bakin sandarsa ya ja 'yar siririyar hanya daga kowane sawu mai zurfi zuwa kwata, don ruwan ya tsiyaye a hankali ba tare da ya rushe gefen ba. Aikin ba ya son gaggawa. Ya miƙe yana yamutsa fuska, ya ce kada wanda ya shiga, ya nufi cikin ofis.

Gaban ofishin sai ka ce banki, kujeru masu juyawa, fenti mai sheƙi, allon suna mai wuta. Ɗakin na'urorin da ke ciki kuwa zafi ne ya fara marabtarsa, da wani wari kamar na ƙonanniyar roba. An yanke kwaɗon ƙofar baya. Amma ga batura nan jere ba a taɓa ba, ga inbata mai mayar da cajinsu wutar lantarki, ga ƙaramar kwamfutar Malama a kan tebur, kayan da ɓarawo zai sayar kafin ya kai gida. Ya duba kantar ƙarfen da aka ɗauke tagwayen. A bayan gurbin ɗaya bango ya yi baƙi, inda fanka ta daɗe tana feso iska mai zafi. A bayan ɗayan bangon fes yake, har gizo-gizo ya yi saƙa ya zauna lafiya.

*

Mai Kwafi ce ya fara samu, mace mai baki kamar reza, tana jera takardu tana magana.

"Ni dai Baba ban ce ga wanda ya yi ba, amma ka binciki Akanta. Kwanaki sai da aka raba su da Injiniya, har yana cewa ofishin nan ba zai ga baɗi ba. Mutum ya faɗi haka, sannan a wayi gari an yi sata? Biri ya yi kama da mutum."

"Ke me ya haɗa ki da lungun baya? Na ga bokitinki a can a kife."

"Wannan ai na tarar ruwan esinsu ne. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyin nan ya fi kowane kyau a dutsen guga, ba ya toshe shi. Da kullum sai na cika bokiti. Yanzu kuwa an fi wata ko ɗigo babu, na gaji na kife abina."

"Ta lalace ne?"

"Oho. Na tambayi Injiniya ya ce sabon salo ne, wai yanzu ba ta zubar da ruwa." Ta taɓe baki. "Mu da ba mu yi boko mai zurfi ba, sai mu ce to."

Akanta dattijo ne siriri mai ƙaramar ƙafa, kuma ƙafar Mai Sawu ya fara kallo kafin fuskar. Irin ƙafar da za ta yi iyo a takalmin Mai Walda ce. Zuciyarsa ta ɗan yi sanyi, don ya fi son a ce shi ne.

"An ce ka yi musu baki."

"Baki? Gaskiya na faɗa, ita ce ba a so." Akanta ya cire tabarau ya goge. "Malama ce ta kawo mini tsarin da ƙanenta ya yi, tun kafin su fara. Na ce masa, yaro, ka sa kuɗin sayen kaya, ka manta kuɗin riƙon kaya. Na'ura sau ɗaya ake sayenta, amma man janareta kullum ne, kuɗin layin intanet duk wata ne, batir yana mutuwa, haya tana zagayowa. Masu hayar kuma ba rana ɗaya za su cika ba, ɗaya-ɗaya za su zo, wasu su zo ba su biya ba. Na ce ku fara da kama wuri a babban kamfani kuna sayarwa kaɗan-kaɗan, in kun yi ƙarfi ku sayi naku. Ya ce ni mutumin da ne, shi a lissafinsa kafin shekara ta raba sun fara cin riba."

"Shi ne ka ce ba za su ga baɗi ba."

"Ranar nan na faɗa, da na ji ya kashe esi don ya rage shan mai. Na ce wannan kamar mutum ya daina ba jakinsa ruwa ne don ya rage kashe kuɗi."

"Jiya ina ka kwana?"

Akanta ya yi dariya, ya ɗaga rigarsa ya nuna ɗamarar asibiti da ke ɗaure a ƙugunsa. "Alhaji, ni da ko butar alwala sai an miƙo mini? In na ɗaga na'urar nan ai sai dai a ɗauke mu tare."

Sanyin da zuciyar Mai Sawu ta yi ya gudu.

Ya koma wajen Mai Walda ya tsuguna a gabansa, ya sa aka kawo masa ruwa.

"Ina kake ajiye takalman nan?"

"Ƙarƙashin teburin rumfa, Baba. Kullum. Wa zai saci wannan? Da silifa nake tafiya gida."

"Ka taɓa ɗaga na'urorin?"

"Ta farko dai na kama wa Injiniya muka shigar, ranar da na kafa musu kanta. Wallahi sai da bayana ya amsa. Ta biyun ban ga shigowarta ba, ranar hutu ya kawo ta shi kaɗai, sai gani muka yi tana ƙyafta 'yan fitilu." Ya kama hannun Mai Sawu. "Baba, na yi laifi a da, na biya. Yarinyar nan da ke goye ba ta san ni da kayan fursuna ba. Kada ka bari ta sani."

Mai Sawu ya zare hannunsa a hankali, ya miƙe.

*

Ruwan ya tsiyaye. Sawaye masu zurfin sun fito tas, har ana ganin inda diddige ya tokare da inda gefen takalmi ya murje. Ya bi su yana duƙe, daga ƙofar ofis zuwa murfin ramin, wanda aka ja aka mayar bai zauna daidai ba. Na dama lafiya lau. Na hagu kuwa, tun daga fitowa, kowane ɗaya bakinsa ya karkace waje.

Ya daɗe a tsugune. Warin masan da ya cika lungun ma ya daina jin sa. Ya san karkatar nan kamar yadda ya san tafin hannunsa, kullum sai ya tsallake ta kafin ya fita gida. Mutum na iya yi wa ƙafarsa dole in hannunsa sake yake, ya bi layi kamar yadda aka koya masa. Amma in kaya ya danne shi, ƙafa ba ta san kunya ba, tafiyarta ta asali take komawa.

Babu kowa a lungun sai shi da ƙudaje. Taɓon nan ɗanye ne, in ya ja gefen takalminsa a kai sau ɗaya, shi ke nan, sai ya fita ya ce ruwa ya ɓata sawu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka ake cewa. Har ya ɗaga ƙafar.

Sai ya jiyo muryar autan nasa daga gaban gini, tana tashi sama-sama yadda kowa zai ji. "Ai irin waɗannan ba sa tuba! Mu muka yi sake da muka bar shi kusa da mu. Wanda ya saba, ya saba."

Mai Sawu ya mayar da ƙafarsa inda take. Bai taɓa jin ƙyamar wani abu a duniya kamar yadda ya ji ta muryar nan ba, kuma muryar gidansa ce.

*

Ya sa aka tara su a bakin lungun: mai ginin, Mai Kwafi, Akanta, mai kemis, Malama da ƙanenta, da Mai Walda wanda har yanzu wasu ke riƙe da shi. Sauran jama'a suka yi cincirindo a baya suna toshe hanci.

"Ku dubi nan," ya nuna da sanda. "Ɓarawo ya fito sau biyu. Nan ya ɗauko kaya mai nauyi, ga shi ya nutse. Nan kuma ya ɗauko abin da bai fi kwali ba. Uwata ta ce tagwaye ne, nauyinsu ɗaya. To ɗaya daga cikinsu fanko ce, babu komai a cikinta sai fitila."

"Haba Baba!" in ji Malama. "Wacce?"

"Wadda gizo-gizo ya yi gida a bayanta. Ta ajiya."

Ta juya ta dubi ƙanenta.

"Yanzu ku gaya mini," ya ci gaba, "wane ɓarawo ne zai tsallake batura da kwamfuta, ya ɗaga akwati ya ji shi fanko, kuma ya sake ratsa wannan ƙazantar da shi? Sai wanda ba ya son a buɗe a ga fanko ne. Kuma bai kai su ko'ina ba. Suna cikin ramin nan."

Mai ginin ya share gumi. "To ai ko haka ne, takalman dai na Mai Walda ne."

"Takalmi ba ya tafiya shi kaɗai. A ɗauko mini batir ɗaya daga ciki."

Aka kinkimo batir aka dire. Ya nuna wani gefen taɓon da ba a taka ba, ya ce Mai Walda ya sa takalmansa ya ɗauka ya ratsa. Mai Walda ya ɗauka ya ratsa ya dawo. Sawunsa ya nutse daga diddige har baki, a miƙe, ƙafa ta cika takalmi.

"Akanta ba ya iya ɗauka, na gani da idona," in ji Mai Sawu. "Auta, zo ka ɗauka."

Injiniya ya yi 'yar dariya wadda ba ta wuce haƙora ba. "Baba, ni kuma? Kayana ne fa aka sace. Ka dubi rigata."

"Na dube ta."

"Ɗauki mana, Auta," in ji Malama, muryarta ƙasa-ƙasa. "Mene ne a ciki?"

Ya zura takalman, ƙafarsa na iyo a ciki. Ya sunkuya ya rungumi batir. Takun farko ya dasa shi a miƙe, ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi. Mai Sawu na kallo, kuma wani ɓangare na zuciyarsa na roƙon yaron ya iya. Bai yi nisa ba nauyin ya ci ƙarfinsa, ƙafar hagu ta juya waje abinta, ta sake juyawa, ta bar sawu a gefen na jiya kamar an buga su da hatimi ɗaya.

Mai Kwafi ta dafe ƙirji. "Ikon Allah! Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa."

Injiniya ya saki batir ya faɗa cikin taɓo, baƙin ruwa ya fantsama masa har fuska. Ya tsaya a wurin, ya kasa gaba ya kasa baya.

"Yaya, wallahi ba cin kuɗinki na yi ba," ya ce. "Lissafin ne ya ci ni. Kafin mu buɗe, gyaran ofis ya cinye rabin kuɗin ta biyun, sauran na ce bari in riƙe mai da layi da shi, in riba ta fara shigowa in sayo ta gaske in saka ba wanda ya sani. Ribar ba ta zo ba. Na kashe esi don man ya kai mu ƙarshen wata. Jiya da yamma ta aikin ta ƙone, komai ya tafi. Da safe za ki ce a kunna ta ajiya. Me zan kunna?"

"Sai ka faɗa mini!" Hawaye ya zubo mata. "Ni na bi mutane shago-shago ina rantsuwa kayansu na da kwafi. Makarantar da ta kama haya a wurinmu, sakamakon ɗalibansu gaba ɗaya yana ciki. Da bakina ka yi ƙaryar, Auta."

"Kunya na ji."

"Kunya," in ji Mai Sawu. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi. "Asara ba abin kunya ba ce, kowane ɗan kasuwa ya taɓa faɗuwa. Lissafi ya ci ka, na ji. Lissafin ne ya sa maka takalmin wani? Ka san ni za a kira. Ka zauna ka yi tunani, ka zaɓi mutumin da ka san ba mai tsaya masa, ka bi layi a miƙe kamar yadda na koya maka don ka rufe mini ido. Sannan ka tsaya da farar riga ana dukansa a gaban matarsa kana ƙara musu zuga. Tir!"

Waɗanda ke riƙe da Mai Walda suka sake shi ɗaya bayan ɗaya, kowa na neman inda zai sa idonsa. Mai kemis ya zame ya ce bari ya ɗauko auduga da magani. Mai ginin ya shiga cewa shi dama tun farko jikinsa bai ba shi ba, Mai Kwafi ta ce masa ya fara kwashe masansa tukuna kafin ya wanke kansa.

Ana haka motar 'yan sanda ta tsaya a bakin titi. Malama ta share fuska da gyale, ta dubi mahaifinta.

"Ke ce mai kaya," ya ce. "Ni nawa ya ƙare."

Ta je ta same su. Daga inda yake yana jin ta tana cewa ba a yi mata sata ba, amma an yi wa wani bawan Allah ƙazafi an sa an dake shi, kuma shi ke da hakkin ya ce a bi ko a bari. Kowa ya juya ga Mai Walda. Ya dubi Injiniya da ke tsaye cikin taɓo da takalmansa, ya daɗe yana dubansa.

"A bar shi," ya ce. "Na san wurin, ba na yi wa kowa fatansa." Ya karɓi 'yarsa daga bayan uwarta ya saɓa a kafaɗa. "Takalman ma ya riƙe. Ba zan ƙara sa ƙafata a ciki ba."

*

Rana ta yi sanyi lokacin da Mai Sawu ya iso gida. Ya wanke ƙafafunsa a famfon waje, ya wanke, ya sake wankewa, warin bai bar hancinsa ba. Malama ta tsaya can tana bin masu haya ɗaya-ɗaya da bakinta, tana faɗa musu abin da ya faru. Autan kuwa bai san inda ya nufa ba, bai kuma tambaya ba.

Matarsa ta ji motsinsa ta fito da tsintsiya a hannu, ta tsaya daga cikin ƙofa.

"Sannu da zuwa, Malam. Tun ɗazu nake kiran yaran nan ba wanda ya ɗauka. An samu sawun?"

"An samu."

"Alhamdu lillahi. Allah ya tona asirinsa. Na waye?"

Mai Sawu ya miƙa sandarsa a hankali, ya ɗora bakinta a kan ɗan sawun da ke jikin siminti a tsakaninsu, wanda ta share ɗazu da safe.